Furen da aka cire wa kala, me ya rage masa?

MaiKoyonHoto:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da matsala, ina kuma da tambaya, manyanmu a taimaka. Akwai wani jan fure a tsakar gidanmu, hibiskus ɗin nan da ake shukawa don ado, mai dogon tsinke a tsakiya. Jiya da hantsi na matsa kusa da shi sosai na ɗauka, har garin da ke kan tsinken ya fito. A kala hoton ya yi kyau, jan nan jawur. Da na mayar da shi baƙi da fari sai komai ya mutu. Furen da ganyen da ke bayansa suka koma toka-toka iri ɗaya, ba ka gane inda fure ya tsaya ganye ya fara. Na ƙara baƙi, na ƙara fari, sai ƙara lalacewa yake yi.

Na nuna wa yayana, ya ce dama ɓata lokacina nake, wai fure ai kala ne, in ka cire kalar me ka bari? Tun jiya maganar ta tsaya mini a rai don ban sami amsar da zan ba shi ba. To tambaya biyu ce. Me ya sa jan ya narke cikin kore? Kuma da gaske akwai abin da hoton fure baƙi da fari yake nunawa wanda mai kala ba ya nunawa, ko kwaikwayon Turawa kawai muke yi? Kyamarata ƙaramar Canon ce ta hannu, da gilashin da ta zo da shi, 18-55.

Bazazzage:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan yayanka. Allah ya yi wa fure ado da launi, ƙudan zuma ma launin ne ke kiransa, sai kai ka zo ka goge? Fuskar dattijo mai tamoji, ko tsohuwar ganuwa, na yarda baƙi da fari na yi musu kyau. Amma fure kam a'a.

Injiniya_Haske:
Bari in ɗauki ta farko, ita ce mai sauƙi. Idonmu da launi yake raba ja da kore, amma yawan hasken da jan fure da koren ganye suke mayarwa kan zo kusan ɗaya. Shi kuwa hoto baƙi da fari bai san launi ba, yawan haske kawai ya sani. In ka danna maɓallin nan na baƙi da fari, na'ura kan haɗa launuka ukun ne bisa wani tsohon ma'auni tun na zamanin talabijin: wajen kashi 30 daga ja, 59 daga kore, 11 daga shuɗi. Ja mai ƙarfi da ganye mai ɗan duhu sai su faɗa rami guda a tsakiyar toka. Shi ya sa ƙara baƙi da fari bai yi maka aiki ba, tare suke hawa tare suke sauka.

Kada ka bar na'ura ta yanke maka hukunci. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ɓangaren baƙi da fari, kowane launi da sandarsa ta ƙara masa haske ko ragewa. Ja sandar ja sama, ka sauke ta kore, za ka ga furen ya taso fari-fari a kan duhu. Ko ka juya, ka sauke ja ka ɗaga kore, furen ya koma kamar baƙin karammiski. Hoto ɗaya, fuska biyu. A waya ma Snapseed na da matacin launi a cikin sashen baƙi da fari. Sharaɗi ɗaya, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, domin launin ya zauna a fayil ka yi aiki da shi daga baya. Kuma jan fure a rana yakan cika wa sensa (abin da ke karɓar haske a cikin kyamara) ciki, jijiyoyinsa su shafe, don haka ka ɗan rage haske tun wajen ɗauka.

MaiKoyonHoto:
Na gode Injiniya. Ashe JPEG na ɗauka, ba RAW ba, kuma rana ta riga ta yi ƙarfi. Zan sake gobe in sha Allahu.

Baba_Studiyo:
Yaro, abin da Injiniya ya gaya maka da sanda a kwamfuta, mu da gilashi muke yinsa. Na fara aikin hoto a 1978, a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa. Muna da filta mai ɗaurawa a bakin kyamara, rawaya, ruwan lemo, ja, kore. Ka'idar ɗaya ce: filta na haskaka launin da ya yi kama da ita, ta duhunta kishiyarsa. Ja za ta sa jan fure ya yi haske, ganye da sararin sama su yi duhu. Sai dai tana cin haske sosai, sai ka ƙara wajen mataki uku, kowane mataki ninka haske ne sau biyu. Rawaya ita ce ta kullum, mataki ɗaya take ci.

Muna da furen roba guda biyu a studiyo da amare da 'yan mata ke riƙewa, ja da fari. Duk wadda ta sa atamfa mai duhu, farin muke miƙa mata, ko da jan take so, don mun san jan zai ɓace a jikin zanen. Tun kafin a danna muke ganin hoton a ka, babu allon da za a duba. Wannan shi ne abin da nake so ku koya. Ka tsaya gaban furen ka runtse ido kaɗan har launi ya ragu, ka ga ina haske yake, ina inuwa take. In babu bambanci a nan, to babu hoto, kwamfuta ba za ta haifar maka da shi ba.

Injiniya_Haske:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan runtse idon ya fi duk abin da na rubuta.

Hajiyar_Furanni:
Malam Bazazzage, ina so ka yi mini abu ɗaya. Ka je bayan gari ko wani kango ka sami tumfafiya. Kowa ya raina ta, ko akuya ba ta cika kula ta ba, launinta ma ba wani abin a zo a gani ba ne, fari-fari da ɗan shunayya a baki. Na shekara fiye da arba'in ina wuce ta ban taɓa kallon furenta ba. Ranar da na ɗauke shi kusa-kusa na cire kalar, sai da na yi salati. Kunnuwa biyar masu kauri kamar an zuba su da kakin zuma, a tsakiya wani gini mai ginshiƙai biyar, kowanne ya naɗe a gindi kamar ƙahon rago, a can sama kuma wani faifai mai kusurwa biyar daidai wa daida kamar an auna da ma'auni. Waɗanda ba su buɗe ba kuma suna nan a dunƙule kamar ƙananan tulluwa.

A hoto mai kala ido na tafiya ne kai tsaye wajen shunayyar nan, ya ce kyakkyawa, ya wuce. Da launin ya tafi ido bai da wurin gudu, dole ya bi ginin. Wannan shi ne amsata ga yayan MaiKoyonHoto: in ka cire kala, ƙira ta rage, kuma ƙirar nan ma aikin Ubangiji ce.

Malamin_Tsirrai:
Hajiya ta siffanta shi daidai. Wannan ginin tsakiya da kika gani, a nan tumfafiya ke ɓoye garinta. Ba ta barbaɗa shi kamar sauran furanni, a dunƙule yake cikin 'yan jakunkuna bibbiyu, sai babban ƙwaro irin zuman nan mai huda itace ya sauka, jakar ta maƙale masa a ƙafa ya kai wani furen. Amma a yi hattara da farin ruwanta. In ya shiga ido yana taɓa baƙin ido, gani ya dushe na kwanaki. Mai ɗaukar kusa-kusa fuskarsa na dab da itacen, hannunsa kuma na tsakanin ganye da ido.

Duk da haka ina da ja da masu cewa baƙi da fari ya fi. Ku ɗauki auduga. Ranar da furenta ya buɗe fari ne mai ratsin rawaya, washegari ya koma ruwan hoda, sannan ya bushe ya faɗi. Manomi na duban launin ya san kwanan furen. A baƙi da fari wannan labarin ya tafi. In ɗalibina ya kawo mini hoto marar kala don a gane tsiro, zan mayar masa da shi.

Ɗan_Damagaram:
Maganar ruwan tumfafiya gaskiya ce, ni ya taɓa samu. Na karya reshe don in gyara wa furen tsayuwa, zufa ta zubo, na share ido da bayan hannu. Ban ji zafi sosai ba, shi ya sa na yi sakaci. Da yamma idon dama ya koma kamar ina kallo ta cikin hazo. Sai da na je gidan likita, kwana biyar kafin ya washe. Yanzu ba na karya ta ko kaɗan, kuma da gorar ruwa nake tafiya.

Hajiyar_Furanni:
Subhanallahi, Allah ya kiyaye gaba. Malam kuma ban musa maka ba, don karatu da gane tsiro kala dole ce. Ni ba littafin aji nake haɗawa ba.

MaiKaratunDare:
Kan batun kwaikwayon Turawa, ya kamata mu san abin da su ɗin suka yi da dalilinsu. Akwai wani Bajamushe, Karl Blossfeldt, an haife shi a 1865 ya rasu a 1932. Asalinsa ba mai hoto ba ne, a masana'antar zubin ƙarfe ya koyi aiki, daga baya ya zama malami a makarantar zane da sana'o'in hannu a Berlin. Yana so ɗalibansa su ga yadda tsiro ke gina kansa don su kwaikwaya a aikin ƙarfe da sassaƙa, sai ya haɗa kyamara da hannunsa, mai iya ƙara girman abu har ninki 30. Yakan ajiye toho ko fure ko kan reshe a gaban fili fari ko toka, haske mai laushi, shi ke nan. Ya yi shekaru sama da talatin yana haka, hotunan kayan koyarwa ne kawai a wurinsa. Sai a 1928 aka buga 120 daga ciki a littafi mai suna Urformen der Kunst, duniya ta ɗauka. In ka ga wasu za ka rantse ƙofar ƙarfe ce da maƙeri ya lanƙwasa, alhali tohon tsiro ne.

A Amurka kuma akwai Imogen Cunningham. Ilimin haɗa sinadarai ta karanta a jami'ar Washington, tana ɗaukar wa sashen tsirrai hotuna don ta sami kuɗin makaranta. Hotonta na cikin furen magnoliya na 1925 har yau ana koyar da shi. Farin fure ne a kan farin fure, amma ta fitar da matakan fari da toka da yawa a ciki har kana jin kaurin kowane kunne.

To su a lokacinsu fim mai kala bai wadata ba, wannan gaskiya ne. Amma abin da suka gano bai tsufa ba don kala ta zo.

Gwanar_Lalle:
Wallahi wannan Bajamushen abin da nake yi ke nan ban san an riga ni ba. Ni zanen lalle nake yi wa amare. Lalle ai launi ɗaya ne a kan fata, ko ja ko baƙi, don haka hoto mai kala ruɗa ni yake. Nakan ɗauki furen kabewa ko na zogale da waya, in cire kalar, in ƙara duhu har layukan su fito, sannan in kwafa a takarda. Akwai wani zane da amare ke yawan nema a wurina yanzu, daga igiyar kabewa na samo shi, waccan siririyar da take nannaɗewa a jikin danga. Masu ɗinkin hula da masu surfani ma da za su gwada da sun sami sababbin zane.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Ba sai mun je Jamus ba ma. J.D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, daga 1968 ya fara ɗaukar kitson mata, ya tara kusan dubu, duk baƙi da fari, akasari daga ƙeya, bayan babu komai. Ba fure ba ne, amma tunanin ɗaya ne: a kawar da duk abin da zai ɗauke ido, a bar ƙira ta yi magana. Wa zai ce masa kwaikwayo yake?

Bazazzage:
Na je na nemo hotunan Blossfeldt na gani. Ba zan ɓoye ba, sun burge ni. Amma ku duba da kyau, wannan ba fure ba ne a gonarsa. An yanke shi, an tsige ganyen da ba a so, an miƙar da shi kamar soja. Ya mayar da abu mai rai ƙarfe. Ni abin da nake so a fure shi ne rai ɗin, da taushi, da rana a jikinsa. Har yanzu ina kan bakana, sai dai na rage murya.

MaiKaratunDare:
Haka ne, yakan yanke ya gyara, bai ɓoye ba, don darasi yake shiryawa. Amma duba na Cunningham kafin ka rufe magana. Taushin da kake nema yana can.

MaiKoyonHoto:
Ina ta karantawa ina ƙaruwa. Wata tambayar: gilashina ba ya yarda in matsa fiye da wani wuri, sai fokas ya ƙi kamawa. Dole sai na sayi gilashin makro, na ɗaukar kusa-kusa? Na tambayi kuɗinsa, ya fi kuɗin kyamarar.

Injiniya_Haske:
Ba dole ba ne yanzu. Makro na ainihi shi ne 1:1, wato abu ya sauka a kan sensa da girmansa na zahiri. Sensar kyamararka faɗinta wajen milimita 22 ne, ke nan abu mai tsawon ƙwayar gyaɗa biyu zai cika hoton. Gilashinka na 18-55 na kai wa wajen kashi ɗaya cikin uku na haka. Hanyoyi masu araha biyu ne. Akwai zobba da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, babu komai a cikinsu sai iska, suna zuwa uku-uku, milimita 12 da 20 da 36. Lissafinsu mai sauƙi ne, ka raba tsawon zoben da tsawon gilashin: zobe mai milimita 25 a kan gilashi mai milimita 50 ya ƙara maka rabin 1:1 ɗin nan. Ka nemi masu 'yan ƙarafan lantarki a jiki, in ba haka ba ba za ka iya juya ƙofar haske ba, wato hudar da haske ke bi a cikin gilashi, wadda ake aunawa da lambar f: lambar na ƙaruwa, hudar na ƙanƙancewa. Ta biyu, zoben juyi, ka ɗaura gilashin baibai, gabansa ya koma baya. Tsohon gilashi 50 na zamanin fim mai zoben ƙofar haske a jikinsa ya fi dacewa da wannan, kuma ana samunsa da arha wurin masu gyaran kyamara.

Amma ka shirya wa abu biyu. A 1:1 haske na raguwa ninki huɗu. Sannan wurin da ke fita garau siriri ne ƙwarai, a f/8 bai fi milimita ɗaya ba, a f/16 ma bai fi biyu ba. In ka ce bari ka matse zuwa f/22 ko f/32 don komai ya fito, sai hoton duka ya yi laushi, saboda haske na bazuwa in ya bi ta ƙaramar huda. Ni tsakanin f/8 da f/11 nake zama. Kuma ka kashe fokas na kai-da-kai, ka saita da hannu, ka riƙa matsawa gaba da baya da jikinka har wurin da kake so ya fito.

Wayata_Kyamarata:
Ku masu manyan kyamarori kuna tsorata yara da lissafi. Ni da waya nake yi. Sensar waya ƙarama ce, don haka wurin da ke fita garau ya fi faɗi, wannan riba ce a makro. Tun daga iPhone 13 Pro a 2021 ana matsawa har santimita 2. Abin da zan ce kawai a guji ƙaramar kyamarar makro mai megafiksel 2 da ake liƙa wa wayoyi masu araha, ba ta da amfani. Gara ka ɗauka da babbar ka yanke, ko ka sayi ɗan gilashin nan mai maƙalewa.

Injiniya_Haske:
Na yarda da rabin maganarka. Matsalar waya ita ce tana gyara hoto da kanta kafin ka gani, tana kaifafa gefuna tana shafe tsakiya. A kala ba a lura, a baƙi da fari sai kunnen fure ya zama kamar roba. Wanda wayarsa ke da RAW ya kunna.

Ɗan_Damagaram:
Duk ba ku ambaci babban abokin gaba ba, iska. Ido ba ya ganin furen na motsi, amma a cikin kyamara kamar ana kaɗa tuta. Ni daga sallar asuba nake fita, kafin rana ta ɗaga iska ba ta tashi ba. Ina soka tsinken tsire a ƙasa kusa da karan, in kama su tare da abin shanya kaya, can ƙasa inda ba zai fito ba. Kyamara a kan mai ƙafa uku, in sa ta jira daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka don hannuna ya bar jikinta. Lokacin hunturu hazo na tace rana, haske ya yi laushi mai kyau, sai dai ƙura. Abin da ido bai gani ba, a hoto kowace ƙwaya sai ta fito fara tas a kan baƙi. Ina hurawa da robar hura gilashi kafin in fara.

Hajiyar_Furanni:
Ni kuma dabarata ta ƙofar ɗaki ce. Tukunyar furen nake ɗaukowa in ajiye a bakin ƙofa inda hasken safe ke shigowa ta gefe, cikin ɗakin kuma duhu a bayanta. Ba sai na rataya baƙin ƙyalle ba. In inuwar ta yi yawa sai in riƙe farin murfin kwano a ɗaya gefen ya mayar da ɗan haske. In kuma na sa rana a bayan furen, jijiyoyin kunnen kan fito kamar na tafin hannu. Haske daga gaba, ta inda kake tsaye, shi ne mai kashe hoto, yana shafe duk wani tudu da kwari.

Saurayin_Jos:
Ni ina fesa ruwa da kwalbar turare da ta ƙare, ɗigon na ƙyalli sosai a baƙi da fari.

Baba_Studiyo:
A'a ɗana, bar wannan. Wanda ya san raɓa zai gane. Raɓa ƙanana ce, a jere take bin gashin ganye da bakin kunne. Ruwan feshi manya da ƙanana ne barkatai. Ku a Jos da Allah ya ba ku raɓa da sanyi, me ya kai ka kwalba? Tashi da wuri kawai.

Saurayin_Jos:
Na ji Baba, na karɓi gyara. Amma in mutum bai ce raɓa ba ce, ai bai yi ƙarya ba ko?

Malamin_Tsirrai:
Bai yi ba, matuƙar bai kai shi gasa ko aji da sunan yadda ya same shi ba.

Wayata_Kyamarata:
Injiniya, to masu hotunan da komai ya fito garau daga gaba har baya fa, alhali ka ce milimita ɗaya ne?

Injiniya_Haske:
Tari suke yi. Ka ɗauki hoto ashirin ko hamsin, kowanne ka matsar da fokas gaba kaɗan, sannan manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker, ko Photoshop, ta tsinci wurin da ya fita a kowanne ta haɗa. Yana buƙatar furen ya tsaya cak, don haka a ɗaki ya fi yiwuwa.

Hajiyar_Furanni:
Na gwada tarin nan na bari. Komai ya fito amma hoton ya zama kamar na asibiti. Na fi son bakin kunne ɗaya ya fito kaifi, sauran ya narke a hankali zuwa duhu. Ina ga wannan ne ma taushin da Malam Bazazzage ke cewa ya rasa.

MaiKaratunDare:
Wannan gardamar ta girme mu duka. A 1932 Cunningham da Ansel Adams da Edward Weston da abokansu suka kafa ƙungiya a Kalifoniya suka sa mata suna f/64, sunan ƙaramar ƙofar haske ta manyan kyamarorinsu, don su nuna suna son hoto garau, saɓanin masu hoto mai hazo-hazo da ke tashe kafin su.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a muna jin daɗin bayanan, amma a tuna tambayar yaron ta biyu tana nan. Wanda ke da abin cewa a kai ya faɗa.

Ɗan_Damagaram:
To ga tawa. Farkon damina da ta wuce na kwana biyu ina bibiyar wata kuka a bayan garinmu. Furen kuka da magariba yake buɗewa, yana reto a ƙasan dogon igiya, kansa a ƙasa. Na tsaya a gabansa ina kallo ɓawon ya tsage, fararen kunnuwan suka naɗe sama, wani dunƙule na zare-zare ɗaruruwa ya sauko kamar tuntun hula. Jemagu ne baƙinsa, da dare suke zuwa. Kafin la'asar ta washegari ya yi ruwan ƙasa ya yaushi. Ƙanena ya riƙe mini tocila daga gefe, na rufe bakinta da farin hankici. Furen fari, dare baƙi. Da na duba mai kalar babu abin da ya ƙaru sai wani rawaya-rawaya na hasken tocila. Wannan furen ko jemagen da aka yi shi dominsa ba launi yake bi ba, wari da farin yake bi. To a nan me aka cire?

Malamin_Tsirrai:
Wannan misali ne mai ƙarfi, na karɓa. Furannin dare da yawa farare ne saboda haka, zaƙami ma haka yake. Amma gurjiya fa, da take fitar da jan fure a rani lokacin da babu ganye ko ɗaya a jikinta? Wanda ya cire wa wannan kala ya zalunce ta.

Bazazzage:
Yauwa Malam. A bar mini gurjiya da kariya, ku riƙe kuka da tumfafiya.

MaiKoyonHoto:
Na dawo da rahoto. Zobban ban same su ba tukuna, da gilashina na yi. Hibiskus ɗin na sake shi a RAW da ƙarfe bakwai, na ɗaga ja na sauke kore, ya rabu da ganyen sarai. Amma wanda ya fi tsaya mini shi ne furen kuɓewar da Inna ta shuka a bayan ɗaki. Rawaya ne mai haske, can cikinsa kuma wani ja mai duhu. Na durƙusa na sa rana a bayansa kamar yadda Hajiya ta ce. A baƙi da fari cikin ya koma baƙi ƙirin kamar rijiya, tsinken tsakiya ya fito daga ciki da garinsa ƙwaya-ƙwaya, kunnuwa biyar ɗin kowanne ya hau kan na kusa da shi kamar an naɗa rawani, jijiyoyin duk sun fito. Da na koma bayan azahar don in ƙara, har ya rufe.

Na nuna wa yayana. Ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni wane fure ne. Da na ce kuɓewar Inna ce bai yarda ba sai da ya zagaya ya duba. Ya ce wannan ya yi, amma na hibiskus har yanzu mai kalar ya fi masa.

Malamin_Tsirrai:
Kwana ɗaya furen kuɓewa yake yi, da safe ya buɗe da rana ya rufe. Kuma danginsu ɗaya da hibiskus ɗinka, da yakuwa da rama da auduga, shi ya sa duk suke da tsinken nan a tsakiya. In zobbanka sun iso ka matsa kan garin, kowace ƙwaya ƙaya-ƙaya ce a jikinta.

Baba_Studiyo:
Madalla ɗana. Yanzu saura ka wanke shi a takarda, hoton da ke cikin waya bai gama zama hoto ba. Amma ka tsaya a kansu. Na kai wani wurin wanki na zamani hoto baƙi da fari, suka ba ni shi da ratsin kore-kore, don injin na kala ne. Ka ce su fara yi maka ƙarami na gwaji, ka fito da shi waje ka duba a hasken rana kafin ka biya kuɗin babba.

Gwanar_Lalle:
MaiKoyonHoto, don Allah ƙanena ka turo mini na kuɓewar nan in ka yarda, naɗin kunnuwan nake so in gwada a bayan hannu. Ina da amarya ranar Alhamis.

Saurayin_Jos:
Baba, takarda mai ƙyalli ko marar ƙyalli ta fi riƙe baƙi? Ina da na rosa guda uku da nake so in wanke, wannan karon da raɓar gaske.